Ƙarin Da Kafinta Ya Ƙi Yarda A Cire

Kafintan ya daina shan shayin da ƙaninsa ke haɗawa a shago. Da farko cewa ya yi sukari ya yi yawa. Daga baya ya koma zuwa da nasa daga gida, ya kulle shi a akwati tare da guduma da zarto.

Ciwo ne ya kai shi ga haka. Ya daɗe yana fama da gyambon ciki, a ba shi magani ya lafa, da ya daina sha ya dawo da ƙarfinsa. Ga gudawa da ba ta barin sa ya gama ƙafar kujera ɗaya a tsaye. Shagon kuwa gadon mahaifinsu ne, su biyu. Idan ya mutu, wa zai ci riba? Tambayar nan ta zauna masa daram a zuciya.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah," in ji matarsa. "Yaron nan a hannunka ya girma."

"Ke dai ba ki san mutane ba."

Da kyar ta shawo kansa, ƙanin ya kai shi babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: wani ɗan ƙari ne a farkon ƙaramin hanji, shi ke sa cikinsa fitar da ruwan tsami fiye da kima, shi ya sa gyambon ya ƙi warkewa.

"Irin wannan a hankali yake girma," ta ce. "Naka bai kai hanta ba. Idan muka cire shi yanzu, da yawa suna warwarewa su yi shekaru suna aikinsu. Idan ya kai hanta kuwa, magana ta canza."

Yana gyara riga ya hango ta a bakin ƙofa tana magana da ƙaninsa ƙasa-ƙasa. 

"Me kuka ƙulla?" ya tambaye shi a hanya.

"Yaya, cewa ta yi wani lokaci abin yana bin jini, ni ma in zo a duba ni."

Kafintan ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Wato abin da shayi ya kasa, wuƙar tiyata za ta ƙarasa. Bai sake taka asibitin ba. Ya riƙa sayen ƙwayoyin gyambon ciki a kantin magani, zafin ya ragu, ya ce ai ga shi ya warke tun da ya daina shan shayin ƙaninsa. Ya kafa katako a tsakiyar shago ya raba shi biyu, ya daina amsa gaisuwar ɗan'uwansa. Da abin ya ishi ƙanin, ya kwashe kayansa ya koma wani gari.

Shekaru suka shuɗe. Wata safiya yana goge saman tebur sai jiri ya ɗebe shi, ya yi aman jini a kan katakon. Maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti.

Likitar nan ce dai. Ta daɗe tana duban sabon hoton da aka ɗauka kafin ta ɗago.

"Ya bazu a hanta. Za mu rage maka zafi, mu yi ƙoƙarin rage masa gudu. Amma cirewa ta wuce."

Matarsa ce ta kira ƙanin a waya. Ya zo a ranar, ya durƙusa a gefen gado, jikinsa mulmul. Kafintan ya ƙura masa ido.

"Ka je an duba ka?"

Ƙanin ya ɗaga riga ya nuna masa tabon ɗinki da ya daɗe da warkewa. "An samu irin naka, Yaya. An cire."

Kafintan ya juya fuska bango. Bai ga ƙarshen shekarar ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, ƙanin da ya zarga shi ya ɗauki nauyinsu.

Jama'a, gyambon cikin da ya ƙi jin magani a bincike shi da wuri, kuma a bi shawarar likita tun ana iya yin wani abu. Zargi ba ya warkar da ciwo, lokaci kawai yake ba shi.