Hoton 'yar mai lambu

Tunda ka kawo maganar ƙyashi, zauna ka ji. Wani mai shagon atamfa ne ya kira mai zanen nan da ke yi wa manyan motoci ado, ya ce ya zana masa 'yarsa. Aka naɗe yarinya da leshi, aka jibga mata sarƙa da awarwaro, aka dasa ta a kujera kwana uku, ko susa an hana ta. Hoto ya fito, fuska a murtuke. Da fenti ya ragu, sai mai zane ya hango 'yar wani mai lambu, maƙwabcin mai atamfa, zaune a kan amalanke tsakiyar kayan miya, ƙafa duk taɓo, ta rungume kabewa, tana gatsar karas da giɓinta tana dariya. Ya zana ta a guntun falanki, da tumatir da tattasai da albasa, har ganyen latas ɗin da ya maƙale mata a kitso, ya jingine a zauren mai atamfa don ya bushe. To, duk wanda ya shigo taya murna sai ya wuce leshi ya tsaya a kan kabewa. Abin ya ci mai atamfa a rai ƙwarai. Shi ya sayi fentin, a zaurensa ake tsaye, amma 'yar wani ake yabo.

Sai ya ƙudura kunyata uban. Ranar kasuwa ya kinkimi falankin ya kafa a jikin dalbejiyar da mai lambu ke kasa kayansa, yana ta shela: "Ku zo ku ga 'yar malam, ko takalmi babu!" Mutane kuwa suka zo. Mata suka yi cincirindo, wannan ta ce ta tuna lambun kakanta, waccan ta ce a zuba mata irin tumatirin da ke cikin hoton. Kafin la'asar kwanduna sun zama wayam, kuma daga ranar duk mai cefane sai ya ce zai je wajen mai yarinya. Mai atamfa ya koma gida rai a ɓace, ya tarar ba 'yarsa. Ta tuɓe awarwaro ta tsallaka lambun maƙwabci, taɓo har gwiwa, tana wata irin dariya da bai taɓa jin ta yi a gidansa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.