Sati Bakwai a Gadon Asibiti

Tsohon kafintan ya tare sabuwar likitar kafin ta wuce gadonsa.

"'Yata, don Allah ki faɗa min laifina. Sati bakwai ke nan kuna tsare da ni a asibitin ƙwaƙwalwa. Ɗana ya gaji da yawon neman lauya, ku kuwa kun ƙi sakina."

Bai musa cewa ba shi da lafiya ranar da aka kawo shi ba. Bayan rasuwar matarsa ya daina cin abinci, har ya fara farfasa kujerun da ya ƙera da hannunsa. Amma ya sha magani, hankalinsa ya dawo tuntuni.

Likitar ta buɗe fayil ɗinsa, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, takardar da ta ba mu ikon riƙe ka dole ta ƙare tun sati na biyu. Ba wanda yake tsare da kai. Ko yanzu ka ga dama, sai ka ɗauki jakarka."

"To me ya hana a gaya min?"

"An gaya wa ɗanka. Ya ce kai ka roƙi a bar ka nan, wai ba ka son komawa gidan."

Bai gama haɗiye maganar ba ɗan ya shigo da kular abinci, fuskar nan abin tausayi. Ya durƙusa gefen gado.

"Baba, wallahi yanzu na fito daga wurin babban likita. Har kuka na yi masa. Ya ce sai ka ƙara wata guda."