Ƙofar Direba

Yau kwana biyar ke nan ban ci abinci ya zauna mini ba. Kuma a kan mota ne, tsohuwar motar nan ta Amurka da ke garejinmu a Malali, wadda 'yan unguwa ke kira Doki saboda hoton dokin da ke hancinta.

Shekara ashirin da huɗu tana hannunmu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa ofis da ita ba. Ran Lahadi yakan wanke ta, ya tashe ta ta yi rurinta, ya kashe. Masu kuɗi sun taya har sun gaji. Amsarsa ɗaya ce: ba ta sayarwa ba ce.

Da ya rasu bara, ɗana Ja'afaru ya ɗauki makullin. Ya sa aka gyara inji, aka sake taya. Ban hana shi ba. Yaron nan tun yana rarrafe yake son motar, in yana kuka aka zaunar da shi a kujerarta sai ya yi shiru. Yanzu ya ce da ita za a ɗauko amaryarsa Zuwaira wata mai zuwa.

Ran Asabar ya shigo da kwali daga kasuwa: rediyo mai kaset, irin wadda ke juya kaset da kanta, da sifiku huɗu. Ya zo da Audi mai wayarin mota. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji Audi yana bayani. Ya ce tsohuwar rediyon sifika ɗaya gare ta, a gaba. Wannan kuwa biyu za su zauna a baya, biyu a cikin ƙofofi, sai an ɓalle bangon ƙofar na ciki an huda.

Rariyar ta suɓuce daga hannuna.

Na fara da dabara. Na ce muna kusa da masallaci, kiɗa bai dace ba. Ya ce karatun Alƙur'ani zai fara sawa. Na ce huda ƙofa zai ɓata motar, ya ce Audi ya iya aikinsa. Na ce to a bari sai bayan biki. Ya yi dariya ya ce ai don bikin ake yi.

Gwaggonsa Larai, yayar maigidana, ta zo daga Katsina shirin biki, kuma duk a kunnenta. Larai ba ta raga mini. Har gobe tana ƙorafin ba a gayyace ta sunan yaron ba, sai ganinsa ta yi a bayana da watanninsa. Da ta ji na ɗaga murya na ce, "Ja'afaru, ka bar ƙofar nan!" sai ta riƙe haɓa.

"Ke dai Allah ya yi ki daban, Hasiya. Sunan miji ba kya faɗa har bayan ransa, amma ɗan fari kina rangaɗa masa suna kamar ɗan maƙwabta. Ina kunya?"

Shekaru tana faɗa mini haka, nakan yi murmushi. Ran nan kasawa na yi.

Litinin Audi ya cire tsohuwar rediyon ya sa sabuwa. Talata ya ɗaura sifikun baya. Da suka kunna, gilashin tagar ɗakina har rawa yake, yara suka cika ƙofar gida. Ja'afaru na ta leƙowa ko zan fito in gani. Ina ɗaki, carbi a hannuna, ban san abin da nake ja ba.

Jiya da hantsi aka zo kan ƙofofi. Na kai musu ruwa don in samu dalilin tsayawa. Audi ya kwance ta gefen fasinja, ƙusa bayan ƙusa, ina ƙirgawa. Ya ɗaga bangon. Ƙura ce kawai da gidan zanzaro. A ƙofa aka ce mini abin yake, ba a taɓa gaya mini wacce ba cikin biyun da motar ke da su. Yanzu na sani.

Ta direban ƙusoshinta sun yi tsatsa, sun ƙi juyawa. Audi ya zuba musu mai, ya ce a bar su su sha kwana biyu, ran Juma'a, wato gobe, bayan an sauko zai dawo. Da yamma na ɗauki wuƙar yanka albasa na shiga garejin na gwada da kaina. Bakin wuƙar ya karye. Nan Ja'afaru ya same ni a durƙushe.

"Umma, me ke cikin ƙofar nan?"

Na ce ba komai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi guntun wuƙar, ya kulle garejin, ya sa makullin a aljihu.

Motar nan ba tamu ba ce. Ta maƙwabcinmu ce a Unguwar Sarki, Mista Udeh, abokin aikin maigidana, wanda ya dawo da ita daga karatu. Shekarar 1966 da gari ya rikice, ya ɓoye takardunsa a ƙofar don ya gudu da ita, sai aka ce hanyar mota ba ta biyuwa. Ya bi jirgin ƙasa. Matarsa ta rasu wajen haihuwa wata uku kafin nan, ta bar masa jariri. Ya ce mu riƙe masa amana biyu, mako shida zai yi. Har yau bai dawo ba. Maigidana ya ce abin da mai shi ya ajiye da hannunsa, mu ba za mu taɓa ba.

Jama'a, ku taimake ni da shawara kafin a sauko daga masallaci gobe. In bari Ja'afaru ya ciro takardar haihuwarsa ta asibiti ya karanta da kansa, ko in zaunar da shi in gaya masa da bakina abin da ya sa ban taɓa jin kunyar sunansa ba: ni ban taɓa haihuwa ba, motar ta ubansa ce da gaske, kuma sunan da uban ya raɗa masa Obinna?