Shekaru Huɗun da Suka Ɓace

Sau uku tana maimaita lissafin, amsa ɗaya take samu. Aikinta ƙirga layukan da ke jikin ɓawon kifi, kowane layi shekara guda. Cikin kifi ɗari tara da aka kamo a tafkin garinsu, babu ɗan shekara huɗu zuwa bakwai ko ɗaya.

"Marasa imani ne suka kwashe su tun suna 'ya'ya, da raga mai ƙananan ido," in ji shugabanta. "Sa hannu a rufe tafkin."

Ta sa hannu. A tafkin nan mahaifinta ya yi furfura yana su.

Da la'asar ta same shi yana ɗinkin raga. Ta durƙusa ta faɗa masa komai.

"Baba, laifin wasu ya shafe ka. Allah ya isa..."

"Kul, uwata! Kada ki ƙarasa. Waɗanne shekaru ne?"

Ta lissafa masa. Ya dakatar da ɗinkin.

"Shekarunki na jami'a ke nan," ya ce a hankali. "Ni na fara kawo ragar, sauran suka bi. Ba ki taɓa tambayata inda kuɗin makarantarki ke fitowa ba."