Kiran Waɗanda Ruwa Ya Ci

"Duba, Dadu, ga al'adarku nan," in ji Shiuli, tana miƙa wa kakanta Mofiz wayarta.

Mofiz ya ƙura ido. A cikin wani wasan intanet da ke wayar, wasu halittu masu fatar kifi sun kafa filafilan jirgi a bakin teku, kowa na kiran sunan mamacinsa. Shiuli ce ta ƙaga wa ƙabilar wannan al'ada daga hirarsa, sauran 'yan wasa suka ɗauka.

Ya bugi ƙirji. "Ke ɓarauniya, a bakina kika sata! Duk tsibirinmu ni kaɗai guguwa ta tauna ta tofar. Ban yi boko ba, amma teku ta san ni."

"Yi shiru, tsoho, ana jin ka. Yau wata 'yar birnin Khulna ta kawo kakarta, wai ita ma tana da wanda za ta kira."

Sai wata tsohuwar murya ta fito daga wayar, tana jan kiran irin na mutanen tsibirin.

"Tukuuu! Ƙanena Tuku!"

Kofin shayi ya suɓuce masa. Yayarsa Joygun ce kaɗai ke kiransa da wannan suna, ita kuwa da idonsa ya ga ruwa ya tafi da ita.

"Na'am, Bubu," ya ce, kamar yadda ya saba kiran yayarsa.

Can tsohuwar ta ja numfashi.

"Allah sarki, yau ka amsa. Yi haƙuri da sanyin ruwan, Tuku. Na kusa zuwa."