Atamfa a Kan Gora

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina 'yar shekara tara, Baba ya dawo gida Makera daga masaƙa tun azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙo sabuwar atamfa mai warin rini. Ya ja ni bakin kogi, ya ari kwalekwale, ya ɗaura atamfar da igiya a jikin gora don ta kama iska.

Ya wuce inda ruwa ke kwance, sai da muka kai kwanar da iskar hadari ke bugowa.

Na ce, "Baba, ina jin tsoro."

Ya ce, "Nan ake koyo, uwata. Riƙe igiyar. In iska ta fi ƙarfinki ki saki, ba abin kunya ba ne."

Atamfa ta kumbura, jirgi ya karkace, igiya ta ci tafina, na saki. Baba ya cafke ta, ya naɗe a hannu har jini ya fito, idonsa na kan masaƙa. Ashe ranar aka sallame shi daga aiki.

Har yau warin sabuwar atamfa na tayar mini da hankali. Ni ya koya mini saki, shi kuwa har ya rasu bai iya ba.