Asabar ɗin Bakanike

Tunda Nas, matar Bakanike, ta koma aiki a asibiti, suka raba renon 'yarsu gida biyu: Lahadi tata, Asabar ta Bakanike, kowa ya samu ranar hutu. Yarinyar shekararta uku, suna kiranta Shugaba, don a gidan ita ke ba da oda.

Asabar ta farko, kafin hantsi Shugaba ta zuba masa madara a takalmi, ta jefa sifana a masai. Ga abokai suna ta kira an kusa fara ƙwallo. Bakanike ya saɓe ta sai gidan mahaifiyarsa.

"Inna, ki rufa min asiri. Kada uwarta ta ji."

Inna ta dubi gwiwarta mai ciwo, ta dubi Shugaba, ta jawo waya. "Je ka abinka. Akwai wata baiwar Allah da ke taya ni."

Shi ke nan, kura ta ga hanya. Duk Asabar da Nas ta ɗauki jaka ta fita shan iska, sai ya miƙa Shugaba a bakin ƙofar Inna ya fece. Da yamma ya karɓe ta fes, ta ƙoshi, kanta da sabon kitso. Nas kan shigo bayansa, ta zube a kujera kamar wadda ta yi dako. Shi kuwa har da dafe ƙugu, wai reno ya karya shi.

"Ashe ka iya kitso, Baban Shugaba?"

"Hannun da ke kwance inji? Kitso ai wasa ne."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wata Juma'a Nas ta ce, tana murmushi, ƙawayenta na asibiti ba su yarda ba. Jibi Lahadi za su zo su ga mijin da ke kitso da idonsu.

Bakanike ya shiga lissafi. In asiri ya tonu, ba kunya kaɗai zai sha ba, hutunsa da ƙwallonsa sun tafi ke nan.

Washegari ya miƙa Shugaba kamar kullum, amma ƙwallon ta ƙi kalluwa. Ya juyo, ya wuce Inna a tsakar gida tana dariya ƙasa-ƙasa, ya tsaya bakin labulen ɗaki. Ta gefe ya hango ƙafar Shugaba da kwalbar man kitso. Ya yi sallama, ya durƙusa.

"Baiwar Allah, ki taimaka ki koya min kitson nan yau. In matata ta gano, na kaɗe har ganyena."

Aka ɗage labule.

"Shigo ka riƙe mataji, Baban Shugaba," in ji Nas. "Daga yau Lahadin ma taka ce."